Masana Halin Dabbobi da Yaƙin Tsando

An ce garin Kaduna ya samo sunansa ne daga kadduna, watau jam'in kada, saboda yawansu a cikin kogin da ya ratsa garin. To, amma in za a bi gaskiya, ba kada ne ya fi ɓarna a bakin wannan kogi ba. Akwai wani ɗan ƙwaro wanda bai ɗara ƙudan gida da wani abin kirki ba, shi ne ya daɗe yana mulkin kurmin kogin da na rafukan da ke zuba cikinsa. Sunansa tsando. Kada ya kan kama akuya ɗaya ko mutum ɗaya a mashaya, a yi kuka a share hawaye. Tsando kuwa ya kan karkashe garke sukutum, ya tashi gari, ya mai da gonaki saura. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

A yau wanda ya ƙetare gada ya nufi kudancin kogin, ya bi ta tashar jirgin ƙasa ya shiga Kakuri da Makera da Barnawa da Nasarawa, ba abin da zai gani sai gidaje da kasuwanni da manyan gine-ginen masana'antu. Amma a shekarar 1917, sa'ad da aka ƙaurar da hedkwatar Jihar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, yawancin wannan gefe daji ne, sai ƙauyukan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da kurmi mai duhu a bakin rafuka. Yadda aka yi aka karɓe irin wannan ƙasa daga hannun tsando, labari ne na waɗansu mutane da suka ba da rayuwarsu ga kallon dabbobi da ƙwari, suna rubuta abin da suka gani. Su a ke kira masana halin dabbobi.

Asalin wannan ilmi

Neman sanin halin dabbobi ba sabon abu ba ne, ba kuwa na wata al'umma ɗaya ba ne. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san akwai surori masu sunan saniya da zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Tun kafin haihuwar Annabi Isa, wani malamin Yunanawa mai suna Aristo ya riƙa feɗe kifaye da tsuntsaye yana bayyana abin da ke cikinsu. A birnin Basra an yi Shehu Al-Jahiz, wanda ya rasu wajen shekarar 869, ya bar babban littafi mai suna Kitabul Hayawan, inda ya yi magana a kan dabbobi tun daga raƙumi har zuwa ƙuda da sauro. A Misira an yi Shehu Ad-Damiri, wanda ya rasu a 1405, shi kuma ya jera sunayen dabbobi bisa jerin baƙaƙen Larabci a cikin Hayatul Hayawan. Daga baya wani mutumin Suwidin mai suna Linnaeus ya shirya wata hanya a 1758, wadda a ke ba kowace dabba suna biyu, na dangi da na kanta, don masanin Masar da na Ingila da na Sin su san abu ɗaya su ke nufi. Har yanzu ita a ke bi.

Wannan ilmi, in mutum bai lura ba, sai ya ɗauka wasan masu hutu ne. Me za a ci da ƙidayar ƙafafun ƙwaro? Labarin tsando shi ne amsa.

Cuta biyu, ƙuda ɗaya

Tsando na ɗauke da cuta iri biyu. Wadda ke kama mutum ita ce ciwon barci. Ta kan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kaluluwa a bayan wuya, a hankali ta kai ga ƙwaƙwalwa, mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ya rame, hankalinsa ya gushe, in ba a yi magani ba ya mutu. Tsohuwar cuta ce a ƙasashen baƙar fata, domin Ibn Khaldun ya kawo labarin wani sarkin Mali, Mari Jata, wanda ciwon barci ya riƙe shi shekara biyu har ya kashe shi wajen 1373.

Wadda ke kama dabba kuwa ita ce sammore. Saniya ta kan bushe, jininta ya ƙare, gashinta ya tashi, nono ya ƙafe, ta zubar da ciki, daga nan sai wuƙa. Doki ma ba ya tsira. Wannan ne ya sa dawakin sarakunan Arewa ba su kan daɗe ba in an kai su ƙasashen kurmi.

Filani sun riga kowa sanin akwai wani abu tsakanin wannan ƙuda da mutuwar shanunsu. Sun san dazuzzukan da ba a shiga da garke. Sun san da damina a kan ja arewa, da rani a gangara kudu. In tilas ta sa su ratsa dajin tsando, su kan bi da dare, lokacin da ƙudan ba ya yawo, su kan kuma tayar da hayaƙi a ruga. Abin da ba su da halin gani shi ne abin da ƙudan ke zubawa cikin jini, gama ido ba ya iya ganinsa sai da madubin likita mai ƙara girman abu.

Waɗanda suka tone asirin cutar

A 1894 aka aiki wani likitan soja mai suna David Bruce zuwa ƙasar Zulu, can kudancin Afirka, don ya binciki wata cuta da ke kashe shanu, wadda mutanen can ke kira nagana. Ita ce sammore. Ya tafi da matarsa, Mary Bruce, wadda ta ƙware wajen aikin madubi. Suka zauna a kan wani tudu inda babu tsando, suka yi ta duba jinin dabbobi marasa lafiya, har suka ga wata 'yar halitta siririya mai bindi tana wutsil-wutsil a tsakanin ƙwayoyin jini.

Bruce bai tsaya nan ba. A lokacin waɗansu na cewa ciyawa ce ko ruwa ke kawo cutar. Sai ya sa aka gangara da dawaki masu lafiya zuwa kwarin da tsando ya ke, aka hana su cin ciyawa da shan ruwa a can, aka komo da su. Suka kamu. Sa'an nan ya sa aka kamo ƙudajen aka hau da su tudu, aka ɗora su a jikin doki mai lafiya. Shi ma ya kamu. Ya kuma ɗebi jinin namun daji ya zuba wa karnuka, cutar ta bayyana a jikinsu. Da haka ya tabbatar da abu uku: ƙwayar cuta ce a cikin jini, tsando ke ɗaukar ta, namun daji kuma su ne rumbunta, suna ɗauke da ita ba ta yi musu kome. Ya ba da rahotonsa a 1895.

Saura na mutum. A 1901 wani likita mai suna Forde ya ga irin wannan halitta a jinin wani Bature mai aikin jirgin ruwa a kogin Gambiya, Dutton kuma ya tantance ta ya sa mata suna a 1902. A daidai lokacin annobar ciwon barci ta faɗa wa Yuganda, ta kashe mutum fiye da 200,000 a bakin tafkin Biktoriya. A can ne wani likita ɗan Italiya, Castellani, ya sami ƙwayar a cikin ruwan lakar marasa lafiya a 1903, Bruce kuma ya zo ya nuna cewa inda duk cutar ta ke, akwai tsandon bakin ruwa. A wannan shekara ce kuma Austen, masanin ƙwari na gidan ajiye kayan tarihi na London, ya wallafa littafin da ya rarrabe ire-iren tsando ɗaya bayan ɗaya.

A 1909 wani Bajamushe mai suna Kleine ya gano cewa ƙuda ba ya ba da cuta nan take. Sai ƙwayar ta yi kamar mako uku tana girma a cikinsa, daga nan kuwa ya zama mai dafi har mutuwarsa. Wata mace 'yar Sikotlan, Muriel Robertson, ita ta bi sawun ƙwayar a Yuganda tsakanin 1911 da 1914, tun daga hanjin ƙuda har zuwa jakar miyaunsa, inda ta ke fitowa in ya yi cizo.

Sherifuri da Gadau

An san maƙiyi ke nan, amma sanin maƙiyi daban, cin shi da yaƙi daban. A ƙasar Arewa annobar bushiya ta wajen 1891 ta kashe shanu da namun daji da yawa, tsando ya rasa abinci ya ja da baya. Da namun daji suka farfaɗo, sai ya dawo. Bayan haka hanyar jirgi ta isa Kano a 1911, aka buɗe haƙar kuza a Jos, mutane suka riƙa tafiye-tafiye fiye da dā, suna ɗauke da cutar a jikinsu daga wannan rafi zuwa wancan.

Saboda haka a 1921 Gwamnati ta sa mutum biyu aikin binciken tsando, likita W. B. Johnson da masanin ƙwari Llewellyn Lloyd. Suka kafa sansani a Sherifuri cikin ƙasar Katagum, daga baya aikin ya koma Gadau. A 1924 suka fitar da wata dabara wadda har yau a ke koya wa ɗalibai. A kan feɗe ƙuda a ƙarƙashin madubi, a duba wuri uku: tsinken bakinsa, da hanjinsa, da jakar miyau. Wurin da aka sami ƙwayar shi ke nuna ko wace iri ce. Da wannan a ke sanin hatsarin kowane daji tun kafin a kai shanu cikinsa.

Sun kuma nuna cewa tsando ba hali ɗaya gare shi ba. A Nijeriya akwai iri 11, amma na Arewa da suka fi ɓarna gida biyu ne. Akwai tsandon daji, wanda masana ke kira morsitans. Shi yana bin fili mai itatuwa, abincinsa jinin gadu da sauran namun daji, shi ne babban mai kashe shanu. Akwai kuma tsandon rafi, iri biyu, palpalis da tachinoides. Su ba su nisa da kurmin bakin ruwa, suna shan jinin kada da guza da mazo, da na mutum in ya zo wanka ko ɗiban ruwa. Su ne masu ciwon barci. Lloyd ya taɓa kewaye wani yanki na kurmi da shinge don ya hana namun daji shiga. Tsandon daji ya ji yunwa ya ragu, amma na rafi bai damu ƙwarai ba, don yana da wani abin ci.

Duk da haka cutar ta ci gaba da yaɗuwa. Ƙungiyoyin likitoci a ƙarƙashin Lester suka shiga ƙauyuka suna tara jama'a, suna lalube wuyan kowa, wanda aka ji kaluluwa a tsaga ta da allura a duba ruwanta. Tsakanin 1931 da 1940 an sami mutum fiye da 300,000 ɗauke da ciwon barci, Lardin Zazzau kuwa yana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Ana ba da allura mutane na warkewa, amma da sun koma rafinsu sai su sāke kamuwa. Aikin ya zama kamar ɗiban ruwa da kwando.

Nash da ƙishirwar tsando

A 1933 aka kawo wani saurayi masanin ƙwari Gadau daga Tanganika. Sunansa T. A. M. Nash, an haife shi a 1905. A wannan lokaci kuma wani babban malami daga London, Buxton, ya zo Gadau tare da Lewis, suka riƙa sa ƙudaje cikin kwalabe suna gwada su da zafi da sanyi da laima. Suka ga in zafi ya wuce awo 40 a ma'aunin zafi, tsando ba ya jurewa sai ɗan lokaci kaɗan. Nash shi kuma ya ɗauki ma'auninsa ya shiga kurmi, yana auna zafin inuwa da na ƙasa wata bayan wata, shekara bayan shekara, yana ƙidaya ƙudajen da aka kama.

Ga abin da ya sa wannan awo ke da amfani. Tsando ba ya yin ƙwai barkatai kamar sauro ko ƙudan gida. Macen ta kan riƙe tsutsa guda ɗaya tak a cikinta, tana shayar da ita wani abu mai kama da nono, har ta girma, sa'an nan ta haife ta a ƙasa mai laushi a ƙarƙashin inuwa. Tsutsar ta nutse cikin ƙasa, ta ƙandare cikin ɗan baƙin kwanso, bayan kamar wata guda ƙuda ya fito. Uwar kuwa ba ta sāke haihuwa sai bayan kwana tara ko goma. Ashe wannan mugun ƙwaro mai ƙarancin zuriya ne, ba shi da ƙarfin mayar da asara. Rana na kashe shi, busasshiyar ƙasa mai zafi na kashe 'ya'yansa. Inuwa ita ce ransa.

Daga nan Nash ya warware wani abu da ya daɗe yana ba likitoci mamaki. A kudu, inda tsando ya ke da yawa ainun, ciwon barci bai cika yawa ba. A Arewa, inda ƙudan kaɗan ne, cutar ta fi tsanani. Dalili shi ne rani. In hunturu ya wuce bazara ta shigo, rafuka sun ƙafe, ba abin da ya rage sai 'yan kududdufai a ƙarƙashin inuwa. Nan tsando ke taruwa don gudun zafi, nan kuma matan gari ke zuwa ɗiban ruwa, yara na wanka, maza na jiƙa rama. Namun daji sun gudu saboda mutane. Ƙuda goma da mutum ɗari suna haɗuwa kullum safe da yamma. In ɗaya daga cikin mutanen nan na da cutar, ƙudajen za su ɗauka su rarraba wa sauran. Watau ba yawan ƙuda ne abin tsoro ba, sabonsa da mutane shi ne.

Maganin ya fito fili ke nan. Ba sai an kashe tsandon duniya duka ba, ba kuma sai an sare kurmi ƙarƙaf ba. A sare sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa da rassan da suka sunkuyo a mashaya da maƙetara, a bar dogayen itatuwa, iska da rana su ratsa. Sauran aikin bazara ce za ta yi.

Ancau da Takalafiya

An gwada wannan ilmi a ƙasar Ancau, gabas da Zariya, inda aka taɓa samun kusan mutum ɗaya cikin uku da cutar a waɗansu wurare. A 1937 aka ba Nash jagorancin aikin. Aka share bakin rafuka na tsawon ɗaruruwan mil, a cikin wani zirin ƙasa mai faɗin kimanin mil 700 murabba'i. Amma sharar rafi ba aikin rana ɗaya ba ce, kurmi na tohowa kowace damina, dole a sami isassun hannuwa da za su riƙa sassabe shi. Don haka aka taso mutum kimanin 5,000 daga 'yan ƙauyukan da ke warwatse cikin daji, aka zaunar da su a sababbin ƙauyuka cikin zirin. Aka gina rijiyoyin siminti don kada mata su koma rafi. Tsohon garin Ancau ya cushe cikin ganuwa, aka rage shi, aka gina wani sabon gari kusa da shi mai faffaɗan tituna, aka sa masa suna Takalafiya.

Ba a yi wannan aiki ba tare da ɗaci ba. Barin kufan kakanni abu ne mai wuya, ba kowa ya tashi da son ransa ba. Sassaben rafi kuma aikin gayya ne na tilas, wanda doka ta ɗora wa talakawa ta hannun hakimai da dagatai. Itatuwa masu amfani da yawa sun tafi a bakin gatari. Amma ciwon barci ya faɗi warwas a ƙasar, shanu suka zauna inda dā ba su iya kwana, sunan Ancau kuma ya shiga littattafan masana na ƙasashe da yawa.

Ma'aikatar Kaduna

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ga ya kamata ƙasashen Afirka ta Yamma huɗu da ke ƙarƙashin Ingila, watau Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, su haɗa kai su kafa ma'aikata ɗaya ta binciken ciwon barci da sammore. Aka soma shirin a 1947, aka buɗe ta a 1951. Aka zaɓi Kaduna ta zama hedkwata, da reshe a Vom don aikin dabbobi. Mulligan ne shugabanta na farko, Nash ya gaje shi daga 1954 zuwa 1959. A 1964 ta zama ta Nijeriya ita kaɗai. Gininta na nan a Unguwar Rimi, arewa da kogi.

A rafukan da ke kewaye da Kaduna ne Nash da abokin aikinsa Page suka yi shekaru suna bin tsandon rafi, suka fitar da bayaninsa a 1953. Wani masani a Ingila, Weitz, ya ƙago hanyar gwada jinin da ke cikin ƙuda a gane ko na wace dabba ya sha. Waɗansu kuma suka bi ƙudan don su ga inda ya ke hutawa, suka tarar da tsananin zafi ya kan lafe a gindin itatuwa da kogunansu da ƙarƙashin rassa, kusa da ƙasa.

Wannan sani ya yi rana sa'ad da maganin feshi ya samu. Maimakon a yi wa daji duka wanka da magani, sai ma'aikata su goya tulun feshi da rani, su fesa wa wuraren hutun nan kaɗai. An soma haka wajen tsakiyar shekarun 1950 a kogunan arewa maso gabas, ana matsowa kudu kowace shekara, daga baya aka haɗa da jirage masu saukar ungulu. Kafin ƙarshen shekarun 1970 an raba tsando da ƙasa mai faɗin kusan kilomita 200,000 murabba'i. Yawan jama'a ma ya taimaka, gama inda gona ta ci daji, gadu ya kan gudu, tsandon daji ya bi shi. A kudancin Kaduna, tun daga buɗe masaƙar Kakuri a 1957, gari ne da kansa ya haɗiye kurmin.

Nash ya koma Ingila, a 1962 ya shiga wani aiki mai ban mamaki kusa da Bristol: kiwon tsando. Ya riƙa ciyar da su da jinin awaki da na kunnen zomaye har suka hayayyafa dubbai. Amfanin abin shi ne, macen tsando galibi sau ɗaya ta ke saduwa da namiji. In aka kiwata maza da yawa, aka kashe musu ƙwayar haihuwa da wani haske mai ƙarfi, aka sake su cikin daji, matan da suka sadu da su ba za su haihu ba. An yi wannan a ƙasar Lafiya cikin shekarun 1980 da ƙudajen da aka kiwata a Vom, an kuma kawar da tsando kakaf daga tsibirin Zanzibar da wannan hanya a 1997. Nash ya rasu a 1993.

Waɗanda ba a rubuta sunansu ba

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk lissafin da waɗannan masana suka yi, a kan aikin 'yan ƙasa ya tsaya. Su ne masu kamun ƙuda, waɗanda ke fita da 'yar raga a hannu, su bi hanya ɗaya a bakin rafi yau da gobe, su tsaya ƙuda ya sauka a jikinsu su kama, su duba namiji ne ko mace, mai yunwa ne ko ƙosasshe, su sa a takarda. Jikinsu shi ne tarkon. Su ne ke tona ƙasa da yatsa a gindin itace suna neman kwanson tsutsa wanda bai kai ƙwayar wake ba. Su ne malaman asibiti da suka zauna a kan madubi a ƙarƙashin rumfa daga safe har la'asar, da leburorin da suka riƙe adda da gatari, da masu goyon tulun feshi cikin zafin bazara. Littattafai sun riƙe sunayen Turawa, na waɗannan kuwa yawanci sai a takardun biyan albashi. Daga cikin 'ya'yansu da jikokinsu ne aka sami masanan da suka karɓi ragamar ma'aikatar Kaduna da sashen nazarin dabbobi na jami'o'in ƙasar nan.

Inda aka kwana

Ciwon barci ya ja da baya ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2009 waɗanda aka samu da shi a Afirka duka ba su kai 10,000 ba, a 2018 kuma ba su kai 1,000 ba. An sami maganin da a ke haɗiya maimakon allura mai wahala. An tabbatar wa Togo a 2020, da Gana a 2023, cewa cutar ta daina zama barazana ga jama'arsu. An kuma sami tarko mai sauƙi na shuɗin ƙyalle da baƙi, domin masana sun lura shuɗi na jan tsando, baƙi na sa ya sauka.

Amma sammore na nan yana cin dukiyar makiyaya, tsandon rafi kuma bai ƙare ba, yana maƙale a sauran kurmi da gandun daji. An sha gani, inda aka share aka yi sakaci, ya kan dawo. Saboda haka manomi ko makiyayi da ya ga ƙuda mai ruwan ƙasa, mai tsinke a baki, wanda ke haɗe fikafikansa ɗaya bisa ɗaya kamar almakashi in ya sauka, to, ya sanar da ma'aikatan dabbobi. Wanda kuma ke fama da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ga kaluluwa a wuya, ya nufi asibiti tun da wuri.

Bruce da matarsa, da Lloyd, da Nash, da masu 'yar raga a bakin rafi, ba da ƙarfi suka ci wannan yaƙi ba. Zama suka yi suka dubi halittar Ubangiji da haƙuri, har suka san abincinta da makwancinta da abin da ta ke tsoro. Yaron da a ke gani ya tsuguna yana kallon tururuwa, kada a yi saurin korarsa, a kai shi makaranta. Allah Ya kiyaye jama'a da dukiyarsu daga annoba, amin.